'Yata ta fi son littattafan Hausa da wasan malama, su ne ke ja mata baya a Faransanci?

Tambaya daga wata uwa a Garwa, a arewacin Kamaru: "Malam, 'yata shekararta 8, tana ajin CE1, wato aji uku na firamare, a makarantar gwamnati, tana kuma zuwa makarantar allo. Ba ta ganin takarda ta wuce, ko ta ƙunshin ƙosai ce sai ta warware ta karanta. Kawunta ya kawo mata littattafan Hausa daga Yola, ta koya wa kanta karanta su. In ta dawo gida ba ta da aiki sai zane da gawayi a bango, da tara ƙannenta wai ita ce malama. Bara ta zo ta 5, wannan zangon ta koma ta 14 cikin yara sama da 80. Metir ɗinsu, wato malamin ajinsu, ya ce mu riƙa yi mata Faransanci a gida, ni kuwa nawa na cefane ne kawai. Babanta ya ce a kwashe littattafan Hausar, a hana wasan. In kwashe?"

Hajiya, Allah ya raya ta, ya yi mata albarka. Kada ki kwashe littattafan, kada kuma a hana wasan. Aikina koyarwa ne a ƙananan azuzuwa, daga baya na koma horar da masu shirin zama malaman firamare, kuma abin da kika kwatanta a 'yarki shi ne abin da muke faɗi tashin dasawa a zukatan yara, sau da yawa mu kasa. Yarinyar da ke warware takardar ƙosai don ta ga me aka rubuta ta riga ta mallaki abin da ba a saye da kuɗi. Amma damuwar babanta ma ba ta banza ba ce, akwai gyaran da ake bukata, sai dai ba a wurin da ya nuna ba.

Bari in fara da matsayin, tun da shi ne ya tayar da hankalin gida. Daga ta 5 zuwa ta 14 a ajin da ya haura yara 80, har yanzu tana sahun gaba. A irin wannan aji yara da yawa kan taru a kan maki kusan ɗaya, rabin maki sai ya tura yaro gaba ko baya da nisa. Sannan ajin da ta shiga ya bambanta da wanda ta baro. Firamare ta tsarin Faransanci shekara 6 ce, an kasa ta mataki uku: SIL da CP, sai CE1 da CE2, sai CM1 da CM2 inda ake rubuta CEP, jarrabawar kammala firamare. A matakin farko yawancin aikin haɗa baƙi ne, yaro mai kaifin ido da kunne kamar 'yarki yakan yi fice. Da an shiga CE1 sai nahawu ya taso gadan-gadan, ga konjigezon (jujjuya aikatau), ga dikte (shifta), ga lissafin da ake rubutawa cikin jimla, wanda sai ka fahimci Faransancin kafin ka san tarawa ake so ko ɗebewa. A nan ne yaran da suka tashi da Faransanci a gida, irin 'ya'yan ma'aikatan da aka turo daga kudu, suke wuce waɗanda suka fi su saurin haɗa baƙi. Ki ɗauko takardar sakamakon, ki bar layin ƙasa inda aka rubuta ta nawa ta zo, ki bi darasi-darasi. Ina kyautata zaton za ki tarar ramin yana wajen dikte da nahawu da shirya jimla, karatu kuwa yana nan lafiya lau.

Yanzu ga maganar littattafan Hausa. Yaro sau ɗaya yake koyon karatu a rayuwarsa. Abu mai wuyar shi ne ya gane cewa waɗannan zane-zanen da ke kan takarda sauti ne, ana bin su ɗaya bayan ɗaya su ba da kalma, kalmomi su ba da magana mai ma'ana. Ranar da wannan ya faɗa masa, ya faɗa ke nan. Wanda ya iya tuƙa keken yayansa ba ya komawa koyo daga farko in an ba shi na maƙwabci, sai dai ya ɗan saba da birki da tsayin sirdi. Duk shafin Hausa da 'yarki ta karanta, idonta yana ƙara sauri a kan haruffan nan guda da za ta tarar a littafin lekol, wato makarantar boko, kuma tana sabawa da wani hali mai tsada: tana jiran rubutu ya gaya mata wani abu. Yaron da bai taɓa karanta komai ba sai harshen da ba ya ji, yakan ɗauka karatu shi ne fitar da sauti da baki har metir ya ce ya isa.

Akwai kuma dalilin da ya sa ta iya koya wa kanta Hausar ba malami. Rubutun boko na Hausa kusan yadda ake faɗa haka ake rubutawa. Faransanci ba haka yake ba: sautin o kaɗai ana rubuta shi o, ana rubuta shi au, ana rubuta shi eau, ga haruffan da ke zaune a ƙarshen kalma ba a furta su ko kaɗan. Wani bincike da aka buga a 2003, wanda ya kwatanta rubutun harsuna 13 na Turai, ya nuna cewa yaran da rubutun harshensu ke bin furuci sau da ƙafa sun kusa gama ƙwarewa a haɗa baƙi tun ƙarshen shekarar farko, yaran Faransa suna bayansu, na Ingilishi kuwa can baya. Waɗannan fa yara ne da aka haifa cikin harshen. To ina ga 'yarki, wadda Hausa ce a ɗaki, Fulatanci a layi da kasuwa, Larabci a allo, Faransanci sai a aji?

Gaskiya ne akwai 'yan wuraren da rubutun biyu ke karo, kuma za ki gan su a kayenta, wato littafin rubutunta. Harafin u na Hausa sai an rubuta shi ou a Faransanci. Sh ɗinmu ch ne a wurinsu. C ta ciki da cokali, a can wani lokaci k ce wani lokaci s. Za ta riƙa rubuta kalmar Faransanci yadda kunnenta ya ji ta, da ƙa'idar Hausa. Wannan kuskure ne mai hankali, yana nuna tana jin sautin daidai. Maganinsa shafi ɗaya ne: a raba shi biyu, gefe guda yadda Hausa ke rubuta sautin, ɗaya gefen yadda Faransanci ke rubuta shi, ita da kanta ta zana hoton kalma a gaban kowanne, a manna a bangon ɗaki. Ba ya daɗewa yaro ya raba su. Riba kuma ita ce, da ɓ da ɗ da ta koya a littattafan kawunta su ne dai ake rubuta Fulatanci da su, don haka ta kusa iya karanta harshe na uku ba ta sani ba.

Abin da ya fi damuna a yaranmu na arewa wani ne daban. Tun 1986 wasu masana biyu, Gough da Tunmer, suka bayyana cewa fahimtar karatu ta rataya ne a kan abu biyu: iya haɗa baƙi, da jin harshen da aka yi rubutun da shi. In ɗaya babu, ɗayan ba ya tsinana komai. Muna da yara da yawa a CM2 da za su karanta miki shafi ba gargada, ki tambaye su wa ya yi me, su yi shiru. Gwajin PASEC na 2019, wanda aka yi wa 'yan firamare a ƙasashen Afirka 14 har da Kamaru da Cadi, ya gano cewa fiye da rabin yaran da ke ƙarshen firamare ba su kai matakin da ake bukata a karatu ba. A gwajin nan, yaran Burundi na ƙananan azuzuwa, waɗanda ake koya wa karatu da harshensu na Kirundi, su ne suka yi zarra a farkon firamare. Amma da aka gwada na ƙarshen firamare da Faransanci, ba su riƙe matsayin ba. Ni abin da na ɗauka daga nan shi ne, harshen gida yana buɗe ƙofar karatu da wuri, amma kalmomin Faransanci sai an zauna an tara su, ba sa zuwa da kansu. 'Yarki ta samu na farko. Na biyun ne aikin da ke gabanku.

Kafin a soma magani, a duba ciwon. Ki nemo shafin Faransanci da ba ta taɓa gani ba, daidai ajinta, misali darasin da ke can ƙarshen littafin karatunsu wanda ba su kai ba. Dole ya zama sabo, domin yaranmu gwanayen hadda ne. A ajin da yara uku ko huɗu ke leƙen littafi ɗaya, metir ya karanta, aji ya amsa baki ɗaya, yaro sai ya haddace shafi tsaf, yana bin layi da yatsa alhali ko kalma ɗaya bai haɗa ba. Ki sa wani ɗan lise, wato ɗan sakandare, na gidan ko na maƙwabta ya zauna kusa da ita, ki duba agogon waya, ta yi karatu da ƙarfi na minti ɗaya, ya ƙirga kalmomin da ta karanta daidai. Ma'aikatar ilimi ta Faransa tana sa ran kalma 50 a minti a ƙarshen CP, 70 a ƙarshen CE1, 90 a ƙarshen CE2. Wannan ma'aunin 'ya'yan masu harshen ne, kada ki ɗaure ta da shi. In tana tsakiyar shekara tana kai wajen 40 zuwa 50 ba tare da tsattsaga kowace kalma ba, ni na gamsu. Sai ki bar ta ta ƙarasa shafin, ki rufe littafin, ki ce da Hausa: to, ba ni labarin abin da kika karanta.

In ta karanta sumul ta kuma ba ki labarin, babu abin da ke damunta, dikte ne kawai zai biyo baya a hankali. In tana tuntuɓe a Faransanci amma tana gudu a Hausa, haɗe-haɗen haruffan Faransanci ne ba su zauna ba, irin su oi da ain da eu, minti 10 kullum da ɗan lisen nan ya isa. In kuwa a duka biyun tana wahala, ko tana kai littafi dab da hanci, ko tana yawan cewa "na'am?" in an yi mata magana daga baya, to a kai ta asibiti a duba ido da kunne kafin a ɗora wa kowane littafi laifi. Yarinyar da ke bencin baya a aji mai yara 80, in idonta bai kai allo ba, za ta kwafi kuskure ta zo gida ta haddace shi. Zazzaɓin cizon sauro mai yawan dawowa da ƙarancin jini su ma suna cin makin yaro a ɓoye.

Amma abin da na fi tsammani shi ne ta karanta da kyau, labarin kuwa ya fito rabi-rabi. Masu binciken koyon harshe na biyu sun nuna cewa mai karatu yana bukatar sanin wajen kashi 95 zuwa 98 cikin 100 na kalmomin shafi kafin ya fahimce shi shi kaɗai. Wato ko kalma ɗaya cikin goma ce baƙuwa, labarin ya tsinke. Ga yadda ake cike wannan a gidan da ba a jin Faransanci sosai. A sami gajeren labari mai hotuna. Wanda ya iya ya karanta mata shi da ƙarfi, da murya mai daɗi, ita tana bi da ido. Sai ku tattauna shi da Hausa, ke da ita: me ya sa akuyar ta gudu, da ke ce me za ki yi? A nan ke ce malamar, ko ba ki ji kalma ɗaya ta labarin ba, domin ita za ta fassara miki, kuma fassarar nan ita ce fahimtar da muke nema. Sai a zaɓi kalma 3 ko 4 kacal, ta rubuta su a wani kaye na musamman, ta zana hotonsu. Washegari ta sake karanta labarin da kanta, jibi ta karanta wa ƙannenta. Maimaita labari ɗaya sau uku ya fi sabon labari kullum amfani a wannan shekarun. In a shafi ɗaya kalmomin da ba ta sani ba sun wuce yatsun hannu, littafin ya yi mata girma, a ajiye shi sai baɗi.

Game da shawarar metir, ya ga inda ciwon yake, maganin ne bai dace da gidanku ba. In kika koma yi mata Faransancin cefane, zo, tafi, kawo, nawa ne, ba za ta ƙaru da komai ba, domin ta riga ta san waɗannan. Abin da za ta rasa shi ne hirar uwa mai zurfi: dalili, zolaya, karin magana, labarin dangi, yadda ake jera magana daga farko zuwa ƙarshe. Yaron da ya san yadda ake ba da labari da Hausa, ya san akwai mafari da rikici da warwara, zai nemi waɗannan a labarin Faransanci. Tsofaffinmu da suka yi lekol suna tuna zamanin da ake rataya wa yaro alama a wuya in an kama shi yana yaren gida, kuma tsoron bai gama fita daga zukatan iyaye ba. Amma Kamaru ta daɗe da barin wannan matsayi. Tsarin mulkin 1996 ya ɗora wa gwamnati karewa da bunƙasa harsunan ƙasa, dokar ilimi ta 1998 ta sa su cikin manufofin makaranta, kuma tun 1981 Farfesa Maurice Tadadjeu na jami'ar Yawunde ya soma shirin PROPELCA, inda yara ke fara karatu da harshensu sannan su shiga Faransanci ko Ingilishi. Ki je wurin metir ɗin cikin girmamawa, kada ki kai masa gardama. Ki ce kin ji shawararsa, kin sami mai karanta mata Faransanci a gida, ki roƙe shi ya gaya miki darasin da za su shiga mako mai zuwa don ta riga ta ji kalmomin. In da hali ya matso da ita gaba. Malamin da ke fama da yara 80 yana tuna uwar da ta zo da irin wannan magana.

Makarantar allo ma kada a taɓa ta. Wanda ya bi babbaƙu ya bi farfaru ya riga ya san sirrin haɗa baƙi da wasali, hanya ɗaya ce da wadda ake bi a SIL. Riƙe alƙalami da tawada yana gyara hannu, tilawa tana horar da kunne da natsuwa. In kin ga tana juya b ta koma d, kada ki ce rubutun dama da na hagu ne suka rikita ta. Yara a ko'ina suna yin haka a farkon karatu, har waɗanda ba su taɓa ganin allo ba, kuma yakan wuce wajen shekara 7 zuwa 8. Abu ɗaya da nake so ki lura da shi: a allo ana fara hadda ne, ma'ana ta zo daga baya, kuma haka tsarinsa yake. Kada dai ta ɗauki wannan ta kai kan littafin lekol. Tambayar nan ta "ba ni labarin" ita ce ke raba mata su.

Inda nake jin tsoro shi ne lokaci. Ki lissafa ranarta: allo da asuba, lekol da safe har rana ta take, a dawo cikin zafin Garwa wanda a watannin Maris da Afrilu yake haura digiri 40, ga wanke-wanke, ga aike, ga goyon ƙani, ga allo kuma da dare. Yaro mai shekara 6 zuwa 12 yana bukatar barcin awa 9 zuwa 12. Da yawa daga cikin yaran da ake kawo mini a ce ba su da ƙwaƙwalwa, barci ne kawai ke cin su. Don haka ban ce ki ƙara mata darasin gida na awa biyu ba. Minti 15 zuwa 20 bayan la'asar, a inuwar dalbejiya, lokacin da hasken Allah yake kyauta ba a jiran wutar lantarkin madatsar Lagdo, ya isa in ana yi kullum. Ranar Laraba da ake tashi da wuri, da daren Alhamis da ba allo, su ne na dogon labari. In akwai abin da za a rage a gidan, fim ɗin dare ne a waya ko talabijin. Kuma kada bulala ta kusanci wannan zama. Dokar 1998 ɗin nan ta hana duka a makaranta, a gida kuwa yaron da aka doka a kan littafi yakan haɗa littafin da zafin.

Sai littattafan kansu, waɗanda su ne wahalarmu a arewa. Yawancin gidaje ba abin karantawa na yara sai littafin aji, shi ma in an samu. A Garwa, cibiyar Faransanci ta Alliance tana da ɗakin karatu, ki je ki tambayi sharaɗin yi wa yaro rajista. Masu shimfiɗa tsofaffin littattafai a ƙasa lokacin komawa makaranta sukan sami littattafan karatu na CE2 da CM da aka daina aiki da su, masu arha, cike da gajerun labarai. In akwai waya mai intanet, shafukan African Storybook da Bloom Library suna da labaran yara masu hotuna kyauta, da Hausa da Fulatanci da Faransanci, wani lokaci labari ɗaya a harshe biyu, wanda shi ne daidai bukatarta. Gara a buga su a takarda a ɗinke da zare da a miƙa mata wayar. Ku haɗa kai da mata uku ko huɗu na layinku, kowace ta sayi biyu, a riƙa musaya. Kawunta kuma ya ci gaba da kawowa daga Yola ko Kano, da sharaɗi ɗaya: ki fara karantawa kafin ki ba ta. Yawancin littattafan Hausa da ke kasuwa na soyayya ne da zaman aure, an rubuta su don manya. A nemo mata na tatsuniyoyi da labaran dabbobi da tarihin annabawa da waɗanda aka yi don 'yan firamare.

Littafin da ya fi duka kuwa shi ne wanda za ta yi da hannunta. Ki saya mata ƙaramin kaye. Kakarta ta yi mata tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi, daga "ga ta nan ga ta nanku" har "ƙurunƙus", ita ta rubuta da Hausa a shafin dama, jimla biyu ko uku, ta zana hoton a sama. A shafin hagu ta gwada faɗin abin da Faransanci, ko da jimla ɗaya ce, ɗan lisen ya taimaka. Kada a cika shi da jan biro. Wannan littafinta ne, gyaran dikte yana da wurinsa.

Kin ga ke nan zanen da babanta ke ganin ɓata lokaci ne ya shiga cikin aikin. Hannun da ke zana akuya da gawayi shi ne zai rubuta haɗaɗɗen rubutun da ake so a lekol, kuma yaron da ke zana labari yana nuna abin da ya fahimta tun kafin ya sami kalmomin faɗinsa. In bangon ne damuwa, a shafe mata wani ɓangare da baƙin fenti, a sayo alli. Wasan malama kuwa, da ina da iko da na sa kowane ɗan CE1 ya riƙa yin sa. Wanda zai koyar dole ya tuno darasin ba tare da duba littafi ba, ya jera shi, ya faɗe shi da ƙarfi, kuma wannan tunowar ta fi sake karantawa sa abu ya zauna. Ki kasa kunne wata rana daga madafa: za ki ji tana yi wa ƙannenta Faransancin metir, da muryarsa da komai. Wannan shi ne kusan kawai lokacin da take buɗe baki ta yi dogon Faransanci a yini, domin a aji mai yara 80 sai a yi kwanaki layi bai zo kanta ba. Hana wasan nan daidai yake da hana ta aikin da metir ya ce a yi. Gaɗa da carafke da 'yar gala-gala da ƙawayenta su ma a bar ta. Waƙoƙin gaɗa suna koya wa kunne gaɓoɓin kalma da amsa-amo, kuma yarinyar da ta wuni a benci tana bukatar tsalle.

Ki riƙa fita da ita ma in an sami sarari. Gidan namun daji na Garwa, gadar Binuwai inda akan hango dorina, kasuwar Pitowa ta ranar Lahadi. A hanya ta karanta allunan shaguna da rubutun jikin motoci, a gida ta zana abin da ta gani ta rubuta sunansa a harshe biyu. Kalmar da yaro ya ga abinta da idonsa ba ta ɓacewa.

Maigida kuwa, kada ki tsaya musu da shi a kan littattafan. Shi Faransanci yake so ya gani, domin ya san da shi ake cin CEP da jarrabawar shiga ajin farko na sakandare, kuma yana da gaskiya. Ki ba shi abin da yake so ya gani. Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci ya ci abinci, ta zo ta karanta masa labarin makon da Faransanci, sannan ta fassara masa. Saƙon da ya shigo wayarsa, rasiɗin wuta, takardar taron iyayen yara, ya riƙa miƙa mata ta karanta. Ki roƙe shi zango biyu kafin ya yanke hukunci, ki kuma gaya masa tun yanzu cewa fahimta da shirya jimla za su fara motsawa, dikte ne zai zo a ƙarshe, don ƙa'idojin rubutun Faransanci suna ɗaukar shekaru ko a wurin masu harshen. Uban da ya saba jin 'yarsa tana karanta masa shi ne wanda zai tsaya mata in ta kai CM1 da CM2, lokacin da aikin gida da talla da maganar mutane ke fara janye 'yan mata daga aji, kuma a yankunanmu wannan ya fi kowane littafin Hausa hatsari ga karatunta.

Abu na ƙarshe, tun da har yanzu da sauran lokaci: ki duba ko tana da takardar haihuwa, kuma sunan da ke ciki ya yi daidai da wanda ke rajistar makaranta. Da ita ake haɗa takardun CEP, kuma duk shekara a yankunan Arewa da Arewa Mai Nisa na Kamaru akwai yara masu ƙoƙari da ke kaiwa CM2 a tarar ba su da ita. In babu, sai an bi ta kotu kafin ofishin magajin gari ya bayar, abin yana cin watanni, don haka ku fara nema tun tana CE1.